Tsohon soja, tsohon ma'aikaci: abin da sanarwar rasuwa ba ta faɗa

A Yamai, idan aka yi rashin dattijon da ya yi soja a zamanin Nasara, ya kuma ƙarar da sauran ƙarfinsa a aikin gwamnati bayan samun ƴancin kai, sanarwar da ake karantawa a rediyo gajeruwa ce: sunansa, da cewa tsohon soja ne kuma ma'aikaci mai ritaya, sai lokacin da za a kai shi makwancinsa a maƙabartar Yantala. A wurin zaman makoki kuwa abin da ake ta maimaitawa shi ne mutumin kirki ne, ya bauta wa ƙasa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Babu ƙarya a ciki, kuma addu'a ce mamaci ya fi buƙata. Sai dai akwai tambayoyin da jikokinsa za su zo suna yi nan da shekara ashirin, lokacin da babu sauran mai ba su amsa: a ƙarƙashin wace tuta ya fara ɗaukar bindiga, da wa ya yi yaƙi, me ya aikata a shekarun da ya yi a ofis, wa ya biya shi haƙƙinsa kuma wa ya danne. Lokaci ya ƙure, domin yaron da aka tura yaƙin Indoshin (yankin Biyetnam na yau) a 1953 yana ɗan shekara 18 ya cika shekara 90 a 2025, waɗanda suka ga yaƙin duniya na biyu kuwa kusan dukkansu sun riga mu gidan gaskiya.

Sai an koma baya kafin a gane yadda ɗan Adar ko ɗan Zarmaganda ya shiga kakin Faransa. A 1857 ne gwamnan Senegal, Louis Faidherbe, ya kafa rundunar baƙaƙen sojoji da aka laƙaba wa sunan ƴan bindigar Senegal, sunan kuma ya bi duk wanda aka ɗauko daga ƙasashen Afirka da Faransa ta mallaka, Bambara ne ko Mosi, Bahaushe ne ko Bazabarme. Da irin waɗannan sojoji aka ci ƙasarmu da yaƙi. Ayarin Voulet da Chanoine da ya gwabza da Sarauniya a Lugu, ya kuma yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a 1899, Turawan da ke cikinsa ba su wuce goma ba, sauran masu riƙe da bindiga duk ƴan Afirka ne. Da su kuma aka karya ƙawanyar da Kaosen, jagoran Abzinawa, ya yi wa barikin Agadas a 1917. Saboda haka tun farko talaka bai kalli mai kaki da ido ɗaya ba: yana ganin ɗan'uwansa da aka raba da gida, yana kuma ganin hannun da kumandan yake duka da shi.

A yaƙin duniya na farko Faransa ta ɗebi kusan mutum 200,000 daga ƙasashenta na Afirka baƙar fata, kimanin 30,000 daga cikinsu ba su dawo ba. Maimakon a sassauta bayan yaƙin, sai a 1919 aka mayar da aikin soja na shekara uku wajibi har a lokacin zaman lafiya. Kowace shekara kwamitin ɗaukar soja yakan zaga, a umurci sarakunan kanto da masu gari su kawo samari, likita ya duba su, a jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda aka ga suna da lafiya. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya sa kaki, sauran kuma ana iya tura su aikin hanya ko gini a ƙarƙashin horon soja. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa mai gari ba ya fara miƙa ɗansa. Maraya da ɗan talaka da wanda iyayensa ke cikin bauta su ne suka fi cika layin, wasu iyalai kuma sukan tsallaka iyaka su faɗa ƙasar Sakkwato ko Katsina har sai kwamitin ya wuce. Adadin da aka ɗiba daga Nijar bai kai na ƙasashen da a yau ake kira Mali da Burkina Faso ba, amma gidan da aka ɗauke wa mai riƙe da hauya a bakin damina ba ya lissafi da adadin wata ƙasa.

Bayan 1945 lamarin ya sauya kama, kuma a nan ne masu saurin yanke hukunci sukan yi kuskure. An soke aikin tilas a 1946, masu shiga soja da ƙafarsu suka ƙaru, domin bariki na ba da albashi, da tufafi, da abinci, da wata daraja a ƙasar da fari da lanho suka hana saurayi sakat. Akwai kuma makarantun yaran soja a Kati da Saint-Louis, inda ake ɗaukar yaro tun bai mallaki hankalinsa ba a tarbiyyantar da shi don bariki. Ta wannan hanya Seyni Kountché, wanda aka haifa a Fandu a 1931, wanda kuma daga baya ya mulki Nijar, ya shiga sojan Faransa a ƙarshen shekarun 1940, ya yi Indoshin da Aljeriya. Ali Saibou, wanda ya gaje shi a mulki, shi ma ya bi ta makarantar Saint-Louis. Idan aka ce wane da son ransa ya shiga, sai a tambaya wane zaɓi ne yake gaban yaro ɗan shekara goma sha biyar a Tawa ko Filinge a wancan zamani.

Waɗanda suka yi yaƙin duniya na biyu sun ga abin da ya isa a rubuta littattafai a kansa. A watan Yunin 1940 sojojin Jamus sun ware baƙaƙen sojoji daga farare suka harbe su a wurare irin su Chasselay, kusa da birnin Lyon, dubbai kuma suka shafe shekaru a sansanonin fursunonin yaƙi. Sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka a gaɓar Provence a ranar 15 ga Agustan 1944 don ƴanto kudancin Faransa, amma kafin shekarar ta fita an janye mafi yawan baƙaƙen daga fagen daga, an miƙa kakinsu da makamansu ga samarin Faransawa, ta yadda ba su ne suka yi faretin nasara ba. A ranar 1 ga Disamban 1944, a barikin Thiaroye da ke bakin Dakar, aka buɗe wuta a kan tsoffin fursunonin yaƙi da suka dawo suna neman a biya su bashin albashinsu. Hukumomin lokacin sun ce mutum 35 ne suka mutu, shugaba François Hollande ya ambaci 70 a 2014, wasu masana tarihi kuma suna maganar ɗaruruwa. Sai a ƙarshen 2024, shekara 80 bayan aukuwar abin, wani shugaban Faransa ya kira shi kisan kiyashi a rubuce.

Sai dai mafi yawan dattawan da muke binnewa a shekarun nan ba na wancan yaƙi ba ne. Na Indoshin ne, wato Biyetnam da Laos da Kambodiya na yau, daga 1946 zuwa 1954, da na Aljeriya daga 1954 zuwa 1962. Wannan shi ne ɓangare mai nauyi a baki, domin a can an tura wanda aka mallaka ne ya yaƙi wanda yake neman kuɓuta daga mallaka, a Aljeriya ma Musulmi ya ɗaga bindiga a kan Musulmi maƙwabci. Da yawa daga cikinsu sun dawo sun kulle bakinsu, iyalansu suka san su da firgita cikin barci, da saurin fushi, da ƙin jin ƙarar abu ba zato, ba tare da an taɓa kiran abin da suna ba. Oumarou Ganda, ɗan Yamai da ya shiga soja yana matashi ya yi Indoshin, na cikin ƙalilan da suka fito suka ba da labarin, a fim ɗinsa Cabascabo na ƙarshen shekarun 1960, inda tsohon soja ya dawo gida abokai suka taya shi cinye ɗan abin da ya tara, suka watse suka bar shi. A yau kowa ya san cibiyar al'adu da ke ɗauke da sunansa a Yamai, amma kaɗan ne cikin matasan da ke shiga wurin suka san cewa ya ga yaƙi tun bai kai shekara ashirin ba. A ganina, iyalin da ke tuna irin wannan uba ba su da dalilin jin kunya, ba su kuma da dalilin ƙawata yaƙin ya zama jarumtar da ba ita ba ce. Abin da ya dace shi ne a faɗi inda aka kai shi da abin da aka sa shi, a ɗora alhakin yaƙin a kan waɗanda suka shirya shi a Paris, a bar masa alhakin abin da hannunsa ya yi shi kaɗai, kamar kowane ɗan Adam.

Da aka samu ƴancin kai a ranar 3 ga Agustan 1960, sabuwar ƙasa ta waiwaya ta ga ba ta da ma'aikata. Yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, ƙasa kuma ga faɗi daga Gaya har Bilma. Tsoffin sojojin nan su ne suka iya Faransancin bariki, suka iya tuƙi da gyaran mota, da aika saƙo ta waya, da ɗaure rauni da yin allura, da riƙe littafin sito. Wasu aka mayar da su cikin rundunar sojan ƙasa da aka kafa a 1961, suka zama ƙashin bayanta, wasu suka shiga jandarma ko ƴan sanda ko gardi, wasu suka zama direbobin perefe da superefe, masinjojin ofis, masu gadin baitulmali, ma'aikatan gidan waya da na asibiti. Tun zamanin Nasara ma akan keɓe musu irin waɗannan ƙananan guraben. Mutum zai yi shekara biyar ko goma a bariki, sannan ya yi ashirin ko talatin a aikin farar hula, amma idan ya rasu sai a fi ambaton shekarun bindiga, domin su ne suke da lambar yabo da hoto a bango.

A nan nake ganin muna yi musu rashin adalci mafi girma, domin abin da ya taɓa rayuwar talakan Nijar kai tsaye a cikin waɗannan shekaru na ofis yake. A ɗauki yunwar 1973 da 1974, lokacin da dabbobi suka ƙare a Azawak, mutane suka kwararo Tawa da Yamai. Hatsin agaji na shigowa, amma tsakanin sito da bakin mai jin yunwa akwai direba, akwai mai riƙe da makulli, akwai mai rubuta suna, akwai mai awo da tiya. Zargin karkatar da wannan hatsi na cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a ranar 15 ga Afrilun 1974. Wanda ya tuƙa babbar mota ya kai buhunan da aka ɗora masa cif-cif har ƙauyen da aka ce ya kai, a lokacin da buhu ɗaya zai iya sayen saniya, ya ceci rayukan da ba za a taɓa ƙirgawa ba, kuma ba a ba shi wata lamba a kan haka ba. Haka aka sake yi a farin 1984, lokacin da Tandja Mamadou, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, yake perefen Tawa, muƙamin da ya riƙe daga 1981 zuwa 1988, aka dage da noman rani, aka kuma fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, inda mata suka yi ta ɗaukar duwatsu ana biyan su da abinci. Manyan sunaye tarihi ya riƙe su. Ƙananan ma'aikatan da suka kwana a daji suna jiran gyaran mota, ko suka ƙi karɓar ɗan abin goro don su sa sunan wanda bai cancanta ba a gaba, sai maƙwabta da abokan aiki ne kawai suka san su, su ma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Aikin gwamnati na wancan zamani ya haɗa da yawo. Takarda ɗaya za ta ɗauke mutum daga Madawa ta kai shi Ngigmi, ya kwashi mata da yara a bayan babbar mota, ya je ya zauna cikin mutanen da ba ya jin harshensu. Ta haka aka samu gidajen da uba Ba'adare ne, uwa Babarbariya, yara kuma sun tashi da Zabarmanci a Yamai. Ana yawan maganar haɗin kan ƙasa a jawabai, amma wani kaso mai yawa nasa a irin waɗannan gidaje aka gina shi, kuma matan da suka yi ta naɗe tabarma suna bin miji gari-gari suna da rabo a cikin hidimar, ko da yake sunansu ba ya cikin kowace takardar albashi.

Duk da haka, ba kowane abin da aka yi da kaki ko da hatimin gwamnati ba ne abin alfahari. An murƙushe ƴan jam'iyyar adawa ta Sawaba bayan hare-haren da suka kai a 1964 da tsananin da har yau wasu gidaje ba su manta ba. Zamanin Kountché, tare da tsare dukiyar ƙasa da ake yaba masa, zamani ne da mutum yake waiwayawa kafin ya yi magana. A ranar 9 ga Fabrairun 1990 an harbi ɗalibai a gadar Kennedy, a watan Mayun shekarar kuma aka yi abin da aka yi wa fararen hula a yankin Cintabaraden, wanda babban taron ƙasa na 1991 ya zauna a kansa. Duk waɗannan da hannun mutane aka yi su, wasu sun bi umurni, wasu sun wuce umurnin, wasu kuma sun sassauta iya ƙarfinsu a ɓoye. Addininmu ya hore mu da ambaton alherin mamaci, kuma zaman makoki ba kotu ba ne, babu mai hankalin da zai tayar da irin wannan magana a gaban marayu. Amma addinin nan ne kuma ya sa ake tsayawa a gaban gawa a yi shela cewa duk wanda yake bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, domin haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da mutuwa. Tarihin da za a rubuta bayan an share makoki ya kamata ya iya ɗaukar duka biyun, alherin da kuma haƙƙin.

Shelar bashin nan tana da ɗaya gefen da ba a cika yi ba, wato bashin da mamacin yake bin wasu, kuma a nan ne maganar fansho take shigowa, wadda ta rikita iyalai da dama domin ba kuɗi iri ɗaya ba ne. Faransa tana biyan tsohon soja ta hanya uku. Akwai fanshon aiki, wanda a zamaninsu sai mutum ya cika shekara 15 a soja yake samunsa, saboda haka duk wanda ya yi shekara uku ko biyar aka sallame shi ba ya ciki. Akwai kuɗin rauni, na wanda ya nakasa ko ya kamu da ciwo a bakin aiki. Akwai kuma ɗan kuɗin girmamawa da ake ba mai katin tsohon mayaƙi idan ya tsufa, katin da a ƙa'idarsa ta asali sai wanda ya yi kwana 90 a rundunar da ta shiga faɗa yake samu. Waɗanda suka yi Aljeriya ba a buɗe musu ƙofar wannan kati ba sai a 1974, domin Faransa ta daɗe tana cewa aikin kwantar da tarzoma ta yi a can, ba ta amince a dokance cewa yaƙi ne ba sai a 1999.

A ƙarshen Disamban 1959, ana gab da ba ƙasashenmu ƴanci, majalisar Faransa ta sa wani sashe a dokar kasafin kuɗi da ya daskarar da waɗannan kuɗaɗe ga duk wanda ƙasarsa ta ɓalle ya daina zama ɗan Faransa. Ma'anarsa ita ce abin da mutum yake karɓa a lokacin shi zai ci gaba da karɓa, alhali na abokinsa Bafaranshe da suka kwanta a rami ɗaya yana ƙaruwa kowace shekara gwargwadon tsadar rayuwa. Da tafiya ta yi nisa, a wasu ƙasashe abin da tsohon soja yake samu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da Bafaranshe yake samu ba, matan da mazansu suka rasu kuma da yawa aka rufe musu ƙofa gaba ɗaya. Tsoffin sojojin ba su yi shiru ba. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da wasu ƴan Senegal sama da 700 gaskiya, ya ce wariya ce, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. A ranar 30 ga Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke hukunci irin wannan a ƙarar Amadou Diop, tsohon sajan da ya yi wa Faransa soja sama da shekara ashirin, sai dai hukuncin ya tarar ya rasu tun 1996. A 2002 aka yi ƙari amma aka auna shi da tsadar rayuwar ƙasar da mutum yake zaune, a farkon 2007 aka daidaita kuɗin rauni da na katin mayaƙi, sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 28 ga Mayun 2010 aka daidaita fanshon aiki daga farkon 2011. Ko a nan ma wani ɓangare na ƙarin sai wanda ya rubuta ya nema cikin wa'adi, abin da dattijo marar karatu a wani ƙauyen Buza ko Illela ba lallai ya ji labarinsa ba. Shekara hamsin aka ɗauka, kuma duk wanda ya duba lissafin zai ga cewa kowace shekara ta jinkiri tana rage yawan waɗanda za a biya.

Ba daidai ba ne mu tsaya a kan Faransa kaɗai, domin ƙasarsa ma yana bin ta. Ma'aikacin da ya kai shekarun 1990 a bakin aiki ya ga watanni suna wucewa babu albashi, ya ga an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, ya yi ritaya ya tarar ana biyan fansho bayan wata uku-uku, alhali mai shago da mai gidan haya wata-wata suke lissafi. Wanda bai shiga sahun cikakkun ma'aikata ba, kamar yawancin direbobi da masu gadi, fanshonsa a CNSS, asusun kula da walwalar ma'aikata na ƙasa, yake, kuma ɗan kaɗan ne. Kafa asusun CARENI don ƴan fanshon gwamnati ci gaba ne, amma har yanzu idan mai gida ya rasu, matansa sukan shiga neman takardar aure da ta haihuwar yara da ta gado, takardun da a zamaninsu ba a damu da yankarsu ba, wani lokaci har sai an yi tafiyar sama da kilomita 500 daga Tawa zuwa Yamai. Jawabin yabo a bakin kabari ba ya wuce minti biyar, amma yadda aka karɓi tsohuwar da ta zo ofis da takardun mijinta a cikin leda shi ne yake nuna matsayin da hukuma ta ba hidimarsa.

Al'amuran shekarun nan sun ƙara wa maganar nauyi. Sojojin Faransa sun fice daga Nijar a watan Disamban 2023, a watan Oktoban 2024 kuma aka sauya sunayen wasu wurare a Yamai: titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary, jagoran Sawaba, dandalin tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu ya koma Bubandey Batama, aka faɗaɗa shi ya haɗa da duk sojoji da fararen hular da suka rasa rayukansu tun daga zamanin mulkin mallaka har zuwa yau. Faɗaɗawar tana da ma'ana, domin mutanen Ƙonni da Lugu sun cancanci a tuna da su tun da daɗewa. Abin da nake tsoro shi ne matasa su ɗauka cewa raba gari da Faransa yana nufin a juya wa kakanninsu da suka sa kakinta baya, a riƙa kallonsu a matsayin ƴan koren Nasara. Jininsu da aka zubar da haƙƙinsu da aka danne suna cikin hujjoji mafi ƙarfi da ƙasar nan take da su a kan mulkin mallaka, kuma su ɗin ne dai suka dawo suka horar da sojojin farko na Nijar mai ƴanci.

Ga kuma sabbin ƴan mazan jiya suna tasowa a gabanmu. Akwai ɗaruruwan da aka tura Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 da 1991, da waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kodebuwa da Mali, da waɗanda suka yi faɗan tawaye kafin yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995 da kuma na 2007 zuwa 2009, a ɓangarorin biyu. Akwai waɗanda suka tsira daga Boso da Karamga, da Tazalit a jahar Tawa inda aka kashe jami'an tsaro 22 a watan Oktoban 2016, da Inates inda aka rasa soja 71 a watan Disamban 2019, da Cinagodar inda aka rasa 89 bayan wata guda. Waɗannan a ƙarƙashin tutarmu suka yi yaƙi, babu wata majalisar waje da za mu ɗora wa laifi idan marayunsu suka bar makaranta, ko idan wanda ya rasa ƙafa ya koma bara. Da yawa cikinsu za su tuɓe kaki su shiga aikin farar hula kamar kakanninsu, kuma suna kallon yadda muke yi da tsofaffin.

Abin da iyali za su iya yi tun dattijonsu yana da rai ba ya buƙatar kuɗi. A zauna da shi da wayar hannu a naɗi muryarsa, cikin harshen da ya fi sakewa da shi, a bar shi ya faɗi abin da yake so ya faɗa, kada a matsa masa a kan abin da ya zaɓi ya yi shiru a kai. A tambaye shi garuruwan da ya yi aiki da shekarun, da waɗanda ya yi aiki a ƙarƙashinsu, da abin da ya gani a shekarun yunwa, a kuma naɗi matansa daban, domin sukan riƙe abin da shi ya manta. A Yamai akwai wuraren da aikinsu ke nan: gidan adana takardun tarihi na ƙasa, da cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni, da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka. Ya kamata su riƙa karɓar irin waɗannan muryoyi daga hannun iyalai, su kuma riƙa fita nemansu a jahohi.

Takardu kuwa a ɗauki hotonsu kafin gara ko ruwan sama su cinye su, musamman ɗan littafin soja, da katin tsohon mayaƙi, da takardar ɗauka aiki da ta ritaya. Fayil-fayil na sojojin Afirka da suka yi wa Faransa aiki suna ajiye a cibiyar adana takardun sojoji da ke birnin Pau a kudancin Faransa, kuma iyali suna iya rubutawa su nemi bayanin aikin mahaifinsu, wanda yake nuna ranar da aka ɗauke shi, da rundunonin da ya zauna, da ƙasashen da aka kai shi, da raunin da ya ji. Neman da suna kaɗai yakan ci tura, domin magatakardan Nasara sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, sun kuma yi wa mafi yawa ƙiyasin shekarar haihuwa, ga shi masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya suna da yawa a kanto guda. Abin da ake nema da shi shi ne lambar sojan, da shekarar da aka ɗauke shi, da garin da kwamitin ya zauna, kuma dukkansu suna rubuce a shafukan farko na ɗan littafin.